Yadda ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki a Amurka ke zaɓen ɗan takara

Malama, kin tambaya ko ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki a Amurka suna mara wa duk wanda ya ce yana tare da su baya ne. A'a, baki kawai bai isa ba.

Idan mutum ɗan majalisa ne mai ci, ƙuri'unsa suke fara dubawa. Biyu daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, National Right to Life da Susan B. Anthony Pro-Life America, duk suna riƙe da lissafin yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a a kan dokokin da suka shafi zubar da ciki, kamar batun kashe kuɗin gwamnati a kansa. Sabon shiga kuwa takardar tambayoyi ake aika masa, ya rubuta matsayinsa, har da ra'ayinsa kan cikin da aka samu ta hanyar fyaɗe.

Sai kuma tambayar da ta fi nauyi: zai iya cin zaɓe? Nan ne nake ganin aƙida ke ja da baya. Bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe a 2022, wato hukuncin da ya ba mata 'yancin zubar da ciki a duk faɗin Amurka, shugabar ƙungiyar Susan B. Anthony, Marjorie Dannenfelser, ta ce a 2023 ba za su goyi bayan ɗan takarar shugaban ƙasa da ya ƙi amincewa da haramta zubar da ciki bayan makonni 15 a duk ƙasar ba. A 2024 Trump ya ce a bar wa jihohi batun, amma suka bi shi, don sun ga abokiyar hamayyarsa Kamala Harris ta fi yi musu illa.

Jam'iyya ba sharaɗi ba ce a rubuce. Sun taɓa tsaya wa Dan Lipinski, ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar Democrat daga jihar Illinois, sai dai ya faɗi a zaɓen fidda gwani na 2020.