Zafin fitsari ya ƙi jin Cipro, me ya rage?

Ƴar'uwa, kin ce zafin fitsari ya dawo sau uku, kin sha Bactrim da Cipro na masu tallar magani a tire, shiru. Sannu.

Daina canki-canki. Ƙwayar da ta fi jawo wannan ciwo, E. coli, a wurare da yawa ta daina jin waɗannan magunguna, saboda yawan shan su barkatai. Je ki babban asibitin Maradi, ki ce a rubuta miki ECBU, wato gwajin neman ƙwayar cuta a fitsari, tare da antibiyogram, gwajin gano maganin da ƙwayar ke ji. A labo za su shuka fitsarin, bayan kwana 2 zuwa 3 su ga wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta. Tsinken gwajin nan mai canza launi alama kawai yake bayarwa.

Fitsarin safe ya fi. Ki yi tsarki, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ki, ki kai da wuri. Ki gaya wa likita ranar da kika sha magani na ƙarshe, don yana iya ɓoye ƙwayar.

In da jini, kuma kina shiga ruwan gulbi, a duba tsargiya. Zazzaɓi, ciwon kwiɓi ko juna biyu kuwa, yau za ki tafi.