Famfo na tashi, Arduino na mutuwa: in raba giraun biyu?

Tambaya: Malam, na zana allon da'ira mai kunna famfon ruwa na bolt 12 da Arduino (ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori) da MOSFET (taransistan da ke aiki kamar makunni). Da zarar famfon ya tashi sai Arduino ya ɗauke ya sake kunnuwa, awon batir kuma ya riƙa tsalle. An ce in yanke shimfiɗar giraun, wato faffaɗan jan ƙarfen da ke ƙasan allon, gida biyu. Haka ne?

Amsa: Kada ka yanke tukuna, ɗan'uwa. Duk wutar da ta fita daga batir sai ta koma masa, kuma ta giraun take komawa, wato hanyar da da'irar ke ɗauka a matsayin bolt sifili. Abin dubawa shi ne ta ina wutar famfon ke bi.

Siririn layin jan ƙarfe yana turjewa idan wuta ta canza da sauri, turjiyar da ta kai kusan nanohenri 1 (ma'aunin irin wannan turjiya) a kowace milimita. A layi mai milimita 50, idan amfiya 2 ta katse cikin nanosakan 20, bolt 5 ne zai bayyana tsakanin bakinsa biyu. In Arduino na kan wannan layin, abin da yake ɗauka sifili ya riga ya motsa, dole awonsa ya rikice.

Saboda haka ka bar ƙasan allon shimfiɗa ɗaya. Ka tara MOSFET da mahaɗin famfo da na batir a kusurwa guda, yadda babbar wuta za ta zagaya a can ba tare da ta ratsa ƙarƙashin Arduino ba. Yankan da aka ba ka shawara yakan ƙara ɓarna, domin duk siginar da ta tsallake gibin sai wutarta ta yi dogon zagaye kafin ta dawo, zagayen kuma ya zama eriya mai kwasar hayaniya. Wannan kuskure na ba ni takaici, don ana yinsa ne da niyyar gyara.

Sa kwandensa (ɗan ma'ajin wuta) mai nanofarad 100 dab da kowace ƙafar wuta ta ATmega328, wato ƙwaƙwalwar Arduino, babba kuma, kamar maikurofarad 1000, kusa da MOSFET, don famfo na zuƙar wuta ninki-ninki lokacin tashi. Dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, wajibi ne tsakanin wayoyin famfon.

In kana son rabuwa ta gaske, ɗan ƙaramin kayan da'ira mai suna PC817 zai yi, domin da haske yake tsallakar da sigina. Sai dai kowane ɓangare ya samu tushen wutarsa da giraun ɗinsa. In ka haɗe su, sa shi bai raba komai ba.