Bangon tsirrai da bangon da ake turawa a makaranta: suna taimakon karatu?

Malam, ka tambaya ko bangon da aka lulluɓe da tsirrai, da wanda ake turawa a haɗe aji biyu, suna ƙara wa yara fahimta ko kuwa ado ne kawai.

Na tsirrai dai akwai abin kamawa. A wani bincike da aka wallafa a 2017, an kafa irin wannan bango a azuzuwan makarantun firamare biyu a Holan. Yaran da ke ciki sun fi takwarorinsu tattara hankali a gwaji, amma saurin aikinsu bai canza ba. A wurinmu kuwa sanyin ne abin nema, domin in a waje aka dasa, ganye na tare rana kafin ta gasa bulo. Duk wanda ya zauna a aji mai rufin kwano a watan Afrilu ya ga yadda gumi ke ɗiga kan littafi, yaro na ta gyangyaɗi. Sai dai fa, wa zai riƙa ban ruwa lokacin dogon hutu?

Bangon da ake turawa kam, a bi sannu. Amurka da Ingila sun gina makarantu ba bango tsakanin azuzuwa a shekarun 1960 da 1970, hayaniya ta sa da yawa suka mayar da bangonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke damun aji ta wuce desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti), siririn falankin katako kuwa ba ya tare muryar ajin da ke rera haddar lissafi. In za ku saka, ku nemi mai kauri, mai roba a gefuna da ke toshe kafa.