Jirgin ruwana na ƙarfe yana zufa daga ciki, fenti zai hana?

Malam mai jirgi a dam ɗin Jibiya, ruwan nan da kake gani yana ɗiga cikin rumfar da asuba ba yoyo ba ne, iska mai ɗumi ce ke taɓa ƙarfe mai sanyi sai danshin da ke cikinta ya koma ruwa, kamar jikin kwalbar lemo.

Fenti kaɗai ba ya hanawa gaskiya. Ka kankare tsatsar da samfefa, ka bari ya bushe ƙarau a rana, ka shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai, in da hali ka manna soso siriri a rufin. Ka bar kafar iska gaba da baya.

Kar ka sa fentin ruwa na ɗaki, ɓarewa zai yi. In kuma har azahar ruwa na taruwa a ƙasa, to kai wa mai walda ya duba.