Fatawa: Na'urar ta tsufa, wasan sabo ne. Ya halatta in sauke shi kyauta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata 34, ina da mata da yara biyu. Tun ina yaro nake son gem, musamman na Sega da Game Boy. Kwanan baya na gano cewa har yanzu akwai masu ƙirƙiro sababbin wasanni domin waɗannan na'urori da aka daina ƙerawa tun tuni, irin wasannin da mutum ke shiga rigar jarumi ya bi dogon labari, yana yawo gari-gari, yana yaƙi yana ƙara ƙarfi. Suna sayar da su a kaset, wasu kuma a fayil. Ni saukewa nake yi kyauta daga wani shafi, in buga a waya, in tura wa abokai a zaurenmu. Wani abokina mai ɗan karatu ya ce babu komai, tunda na'urar ta mutu kayanta sun zama yasassu, kuma wai a Musulunci ba a mallakar irin wannan. Sannan akwai tsafi da dodanni a ciki. Akwai kuma wasa ɗaya da na biya kuɗinsa tun ba a gama shi ba. Wani lokaci nakan kai tsakar dare a kai. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, domin da yawa ba sa ganin irin wannan ya kai a tambaya.

Shi wasan kansa ba zan tsaya a kansa ba. Asalinsa halacci ne muddin babu caca, babu tsiraici, kuma bai ci wajibi ba. Wannan ka san shi.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka kalma ɗaya ce da kai da kanka ka rubuta: sababbi. Ka ce sababbin wasanni ne, ka ce ana sayar da su, sannan ka ce kyauta kake saukewa. Abokinka ya kalli shekarun na'urar ya yanke hukunci, alhali ba na'urar kake ɗauka ba. Mega Drive, na'urar kamfanin Sega, ta fito a Japan a 1988, Game Boy ta kamfanin Nintendo a 1989, kuma gaskiya ne an daɗe da daina ƙera su. Amma abin da ke shiga wayarka aikin wasu mutane ne masu rai, waɗanda suka gama shi bara ko bara waccan, suka sa masa farashi suna jiran mai saye. Tela ya ɗinka sabuwar riga da tsohon keken da masana'antarsa ta rufe, sai a ce rigar ta zama ta kowa? Saboda haka sauke irin wannan wasa daga shafin da ba mai shi ya ba izini ba bai halatta ba, tura shi ga abokai kuma ya fi nauyi, domin kowane mutum da ka tura wa, ciniki ɗaya ka toshe.

Yanzu bari mu zauna da maganar abokin naka, don ba shi ya ƙirƙire ta ba. Akwai malamai na gaske da suka ce haƙƙin wallafa ba dukiya ba ce, musamman wasu daga cikin Hanafawa, bisa ƙa'idarsu ta cewa dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a adana. Ina girmama su, amma ina ganin ra'ayin ya yi rauni, kuma ya fi rauni a wannan mas'ala taka.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce mai kwafa bai rage wa mai abu komai ba: fayil ɗinsa na nan, kaset ɗinsa na nan. To, amma wa ya ce dukiya ta tsaya ga abin da hannu ke taɓawa? Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa duk suna lissafa amfani a cikin dukiya. Shi ya sa ake hayar gida, alhali mai haya ba ya tafiya da tubali ko ɗaya. Wanda ya shiga gidan wani ya kwana wata guda ba izini, ya fita bai fasa ko kofi ba, ba za mu ce bai ci komai ba. Abin da mai wasan ke sayarwa ba robar kaset ba ce, shekarun da ya zuba ne. Wasan Pier Solar, wanda ya fito domin Mega Drive a ƙarshen 2010, an fara aikinsa tun 2004. Shekara shida ke nan wasu 'yan tsirarun masoya na'urar suna rubuta labari, suna zana kowane gari ɗigo-ɗigo, suna matse komai cikin kaset mai megabit 64, wato megabayit 8 kacal, abin da hotuna kaɗan na wayarka za su cinye. Wanda ya ce wannan wahala ba ta da ƙima a shari'a, shi ne ya kamata ya kawo dalili.

Kuma ba a bar mas'alar haka nan ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi a al'adar wannan zamani, shari'a tana kare su, bai halatta a keta su ba. Ka lura da shekarar: ita ce shekarar da Mega Drive ta shiga kasuwa. Hukuncin ya girmi duk wani wasan da ke wayarka.

Masu wancan ra'ayi suna kuma kawo hadisin da ya tsoratar a kan ɓoye ilimi. Wannan a kan ilimin da mutane ke buƙata ne idan aka tambayi mai shi ya ƙi faɗa, kuma ban san wanda zai sa wasan yaƙi da dodanni a wannan babi ba. Ko a ilimin addini ma, sayar da littafi ba ɓoye ilimi ba ne. A Bukhari, Annabi (SAW) ya ce abin da ya fi cancanta a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. In an yarda a karɓi lada a can, ina ga abin nishaɗi?

Sai batun yasasshen kaya. Abu yana zama yasasshe ne idan mai shi ya jefar da shi da niyyar ya bar shi. Shirun mai abu ba jefarwa ba ne, balle mai abin da ke tsaye yana tallarsa. Su kansu mutanen wannan harka sun san haka. Wasan Beggar Prince an yi shi domin Mega Drive a Taiwan a 1996. Da kamfanin Super Fighter Team ya so fitar da shi da Turanci a 2006, bayan shekara goma, kuma bayan an daina ƙera na'urar, bai ce yasasshe ba ne. Izinin masu shi ya nema tukuna. Akwai kuma Infinity na Game Boy Color, wanda aka fara a 1999 aka ajiye ba a gama ba, sai ga shi a 2021 an buɗe masa gidauniya a shafin tara kuɗi na Kickstarter domin a kammala shi. Kusan shekara ashirin ana ganin ya mutu, ashe masu shi na nan. To idan tsohon ma haka yake, me za ka ce da wanda bai rufa shekara biyu ba?

Na san abin da zai biyo baya, domin na sha jin sa: ai masu ƙirƙiro wasannin su ma ba su nemi izinin Sega ko Nintendo ba, sata gidan ɓarawo rance. Gaskiya ne yawancin waɗannan wasanni ba su da lasisin kamfanin na'urar. Amma rubuta sabon wasa da zai yi aiki a kan na'urar wani daban, kwafe wasan wani daban. Ko a dokar Amurka, a shari'ar Sega da kamfanin wasanni na Accolade ta 1992, kotun ɗaukaka ƙara ta yarda kamfani ya binciki yadda na'ura ke aiki domin ya yi mata wasan kansa. Kuma mu ɗauka akwai wata rigima tsakaninsu da kamfanin, kai ba alƙalinta ba ne, kuma ba aljihunka za a biya diyya ba.

Idan kuma zuciya ta raya maka cewa ai yawancinsu ba Musulmi ba ne, to ka tuna Mugira ɗan Shu'uba. Ya yi tafiya da wasu mutane tun kafin ya musulunta, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, ya ce dukiyar kuwa babu ruwansa da ita. Amana ba ta tambayar addinin mai kaya.

Abu ɗaya zan ba abokinka: tsofaffin wasannin da ba a sayarwa ko'ina, waɗanda ba a ma san hannun da haƙƙinsu ya koma ba, maganarsu ta fi sauƙi, kuma malamai suna da sassauci ga mai amfani da su shi kaɗai ba don ciniki ba. Sai dai ba su ka tambaya ba. Haka nan akwai masu ƙirƙira da ke sakin wasanninsu kyauta da kansu, ko su ce ka biya abin da ka ga dama, musamman tun da manhajar GB Studio ta fito a 2019 ta sauƙaƙa yin wasan Game Boy. Waɗannan ka sauke daga shafin mai su, ka tura wa wanda ka so in ya yarda da haka. Manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura a waya ita ma kayan aiki ce kawai, hukunci na kan abin da ka loda mata.

Gyaran abin da ya wuce ba shi da wuya. Ka zauna ka lissafa wasannin. Wanda kake so ka riƙe, ka saya daga mai shi. Fayil ya fi kaset araha nesa ba kusa ba. Wanda ba za ka saya ba ka goge. Wanda ka riga ka buga har ƙarshe, ni a ganina ka biya kuɗinsa ko da ba za ka sake buɗe shi ba, don ka riga ka ci amfanin. Sannan ka koma zauren nan ka faɗa musu da bakinka cewa ka daina turawa, ka faɗi dalili. A nan ka yi ɓarnar, a nan ya kamata a ji gyaran. In da kunya, ka daure, ta minti biyu ce.

Wanda ka biya tun ba a gama ba, babinsa babin sa kaya ne, wato istisna'i, kuma ya halatta idan an bayyana siffar abin da lokacin miƙa shi. Majalisar da na ambata ta tabbatar da haka a Jidda a 1992. Ka dai sani cewa irin waɗannan ayyuka sukan yi jinkiri na shekaru, wasu ma ba sa fitowa, don haka kada ka zuba kuɗin da iyalinka ke buƙata. Kada kuma ka sayar wa wani kafin ya shigo hannunka.

Tsafin da ke cikin wasan, danna maɓalli ba sihiri ba ne, kuma ba za mu kafirta mutum don wani ɗan zane ya jefa wuta a allo ba. Amma ka buɗe ido. A irin waɗannan wasanni akan kai inda ba za ka ci gaba ba sai jarumin ya durƙusa wa gunki, ko ya roƙi wani abin bauta ya tayar da matacce. Wasan da aka gina labarinsa a kan haka, ka bar shi, akwai wasu. Na fi jin tsoron wannan saboda yaranka, ba saboda kai ba. Kai kana da ma'auni a zuciyarka, su kuwa yanzu ake gina nasu, kuma yaro yakan leƙa allon babansa fiye da yadda uban ke zato.

Sai jimlar da ka ajiye a ƙarshe, kamar ba ka so in gan ta: kakan kai tsakar dare. Ba ka ce asuba na kuɓuce maka ba, ni ma ba zan ɗora maka abin da ba ka faɗa ba, amma ka tambayi kanka. Wannan nau'in wasa ba kamar ƙwallo ba ne da ake tashi bayan minti goma. Labari ne na awa talatin ko fiye, an tsara shi yadda kullum akwai saura kaɗan: saura ƙarfi ɗaya, saura kogo ɗaya. Kuma da yawansu, saboda bin tsohon salo, ba sa barin ka adana inda ka kai sai a wasu keɓaɓɓun wurare, sai ka ji an kira sallah kana cewa bari in kai wurin adanawa. Ranar da ka ji wannan magana ta fito daga bakinka, wasan ya tashi daga halal a wannan sa'ar, ko da kuɗinka ka saye shi. Kai da ke bugawa a waya ma ba ka da wannan uzuri, domin yawancin manhajojin kwaikwayo suna adana wasa a duk inda aka tsaya.

Ba na ganin laifi mutum ya yi kewar yarintarsa, kuma na fahimci cewa rabin abin da ke ja ka zuwa wannan ɗan allo shi ne yaron da ka kasance. Amma wancan yaron ba shi da matar da ke jiran hira da dare. Ka sa wa kanka lokaci sananne bayan isha, ka sanar da ita, ka ba ta damar tuna maka idan ya cika ba tare da ka ɓata rai ba. Idan ka ga mako biyu sun wuce ba ka iya tsayawa a kan lokacin ba, ka cire manhajar daga wayar na wata guda, sannan ka sake rubuto mini yadda aka yi.

Allah ne mafi sani.