Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko ta saki gidan haya kafin ta fara yawo da aikinta

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce aikinki duk a kwamfuta yake, kina son fita wata da watanni, kin rasa ko ki ci gaba da biyan haya ko ki saki gidan. Nan na taɓa tsayawa ni ma.

Ban saki nawa ba. Na damƙa makulli ga wani da na ɗauka tamkar ɗan'uwa, muka yi da shi zai riƙa leƙawa yana karɓar mini wasiƙu. Bayan wata bakwai na dawo, jaka a hannu, ga gajiyar jirgi, na sa makulli ya ƙi shiga. An canza kwaɗo. Wata mata ta buɗe ƙofar ɗakina tana tambayata wa nake nema. Ashe haya ya ba ta yana cin kuɗin, ni kuma ina can ina tura wa mai gida nasa duk wata. Takarduna ya zuba su a kwali ƙarƙashin famfo, ruwa ya yi ta ɗiga har shaidar karatuna ta manne da takardar haihuwa. Abin da ya fi cin raina, duk kiran da na yi masa cewa yake "lafiya lau, ki kwantar da hankalinki". Har yau bai ba ni haƙuri ba. Wallahi da na tuna sai kirjina ya yi nauyi.

Duk da haka ina cewa ki riƙe wuri, ko ɗaki ɗaya ne. Ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, kwana 90 kawai suke ba baƙo cikin kowane kwana 180, in sun ƙare ina za ki nufa? Ko bizar masu aiki daga nesa, irin wadda Estoniya ta fara a 2020, tana da wa'adi. Banki ma adireshi tsayayye yake nema. Sai dai duk wanda zai riƙe makulli, ku rubuta ku sa hannu, mai gida ya sani. Ki rufe ruwa daga tushe. Takardu kuwa ki ɗauki hotonsu, na ainihin ki ajiye su wani wuri daban.

Af, layin wayarki! Kada ki bari ya mutu. Nawa an rufe shi saboda daɗewa ba a amfani da shi, lambar sirrin banki ta daina zuwa, na yi mako biyu kuɗina na gani ba na taɓawa.

Ki kuma zauna da masanin haraji. Mutane sun riƙe lissafin kwana 183, wato wai sai mutum ya yi kwanakin nan a ƙasa cikin shekara harajinta ke hawa kansa, alhali a ƙasashe da yawa gidan da kika bari a shirye yana iya sa a ci gaba da ɗaukarki mazauniya. Ni sai da wasiƙar hukumar haraji ta iso na sani, ita ma cikin wancan kwalin na tsince ta.