An Rage Wa Ƙanena Tallafin Kuɗin Haya A Ingila, Zan Iya Kai Ƙaramar Hukuma Kotu?

Tambaya: Barista, ƙanena yana fama da larurar taɓin hankali, yana zaune a gidan wata ƙungiyar agaji da ke kula da irinsu a Ingila. Ƙaramar hukuma ta rage tallafin hayarsa, ma'aikacin gidan ya ce wai ba ta da kuɗi. Ai dole ne ta biya duka tunda mara lafiya ne. Ina so in maka ta a kotu.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga takardar da aka aiko masa ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na gan ta.

Da farko ki cire wa ranki cewa rashin lafiya ya wajabta a biya duk abin da mai gida ya rubuta. Doka ba ta ce haka ba. Tallafin na haya ne da wasu hidimomin gini, kamar sharar wuraren da kowa ke amfani da su. Kuɗin kula da shi, da abinci, da wutar ɗakinsa, ba sa ciki. Kuma bashin haya, idan ya taru, a wuyan ƙanenki yake, domin shi ya sa hannu a yarjejeniya.

Maganar rashin kuɗi tana da tushe. Ƙaramar hukuma ce ke biya, sannan ma'aikatar ayyuka da fansho ta mayar mata. Idan mai gidan ƙungiyar gidaje ce mai rajista da hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi, galibi ana mayar wa ƙaramar hukumar duka. Idan ƙungiyar agaji ce mara wannan rajista, sai jami'in ƙiyasta haya ya yanke adadi. A ce hayar fam 300 ce a mako, shi kuma ya yanke 150: a kan ragowar 150 kashi 60 cikin ɗari kawai za a mayar, shi ma idan ɗan hayar yana cikin masu rauni. Fam 60 ke nan daga aljihun ƙaramar hukumar duk mako a kan mutum guda.

Amma wannan giɓi tsakaninta da gwamnati ne, bai isa hujja shi kaɗai ba. Sai ta nuna hayar ta yi tsada fiye da kima idan aka gwada da wani gidan da ya dace da shi. Idan kuma an tabbatar ba ya iya aiki, a mafi yawan lokuta sai ta nuna akwai gida mai rahusa da ya dace, kuma tashinsa ba zai zama zalunci ba. Sai dai kotuna sun yarda ta duba aljihunta wajen yanke yawan ragin. Wata ƙila ma dalilinta daban ne: ta ga kulawar da ake yi a gidan ba ta taka kara ta karya ba, don haka ta ƙi ɗaukarsa a matsayin gidan kulawa. Ina mamakin ma'aikacin da ya bar ku da zancen baki bai nuna muku takarda ba.

Ke ba ki da hurumin shigar da ƙara sai ya wakilta ki a rubuce, ko an naɗa ki mai kula da tallafinsa. Wa'adin ƙalubalantar hukuncin wata ɗaya ne daga ranar da ke kan takardar. Ku nemi dalilai a rubuce, ku nemi a sake duba hukuncin, kamar yadda aka saba. Idan bai yiwu ba, akwai kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin tallafi, kyauta ce, amma tana ɗaukar watanni, bashi kuma yana hawa.

Shi ya sa na fi son ku zauna da ƙungiyar tun yanzu. Ta kawo bayanin hayar dalla-dalla da littafin da take rubuta ziyarar masu kula da shi, ta kuma yarda a rubuce ba za ta kore shi ba kafin a gama. Ku duba yarjejeniyarsa, domin da yawa a irin waɗannan gidaje izinin zama kawai suke da shi, ba cikakkiyar haya ba, korarsu ba ta da wuya. Ku kai takardun wurin Citizens Advice ko Shelter, ƙungiyoyin da ke ba da shawara kyauta, cikin makon nan.